Kwamfutar da Magini Ya Gina wa Auta

Idan ka ga katanga a unguwar nan ta miƙe sak, ba ciki ba doro, da wuya in ba hannun Magini ba ne. Sunan da kowa ke kiransa ke nan, har da matarsa idan ranta ya ɓaci. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana ɗora bulo a kan bulo, kuma ba a taɓa aiko masa cewa gininsa ya tsage ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, siminti ya cinye zanen yatsunsa har wayar zamani ba ta gane babban yatsansa. Ba ya gaggawa, ba ya kuma son a sa shi. In mai gida ya tsaya a kansa yana cewa ruwa ya kusa sauka, sai ya ajiye cokalin gini, ya kwance igiyar awonsa ya sake ɗaure ta a hankali, don dai a san wanda ke da aikin.

Yawancin waɗanda ya yi wa gini ba masu hali ba ne. Malaman makaranta ne da 'yan tebur da masinjojin ofis, irin mutanen da ke gina gida ɗaya a shekara goma. A wurinsu ya koyi tsarin da ya zo ya fi su riƙo da shi: bana a sayi bulo a jibge, baɗi a zuba harsashi, wata shekarar a kai linta, sannan a zauna jiran kwano. Duk wanda ya zo masa da kukan abin hannunsa bai kai ba, amsa ɗaya yake samu. “Sayi abin da ka iya, amma ka sayi mai kyau, ka ajiye. Bulo ba ya ruɓewa.” Ya faɗi maganar nan har leburorinsa suna riga shi ƙarasa ta. Kuma a kan bulo, gaskiya ya faɗa.

Ƙani ɗaya gare shi a duniya, Auta, wanda ya ba shekara goma sha huɗu. Mahaifinsu ya rasu Auta yana rarrafe, don haka Magini ne ya yi masa uba, da duk abin da ke cikin hakan na ciyarwa da tsawa. Ya so ya koya masa gini. Auta ya yi kwana uku yana kwaɓa siminti, rana ta huɗu aka nemo shi a gareji, a ƙarƙashin wata tirela, yana miƙa wa makaniki sifana. Wannan ce kaɗai ranar da ya taɓa saɓa wa yayansa, kuma ko ita ba da baki ya yi ba, da ƙafa ya yi. Daga nan ya zama direban tirela. Shekara ashirin yana kan hanya, ya dawo gida sau biyu a wata da jajayen idanu da tsaraba da labarai, dariyarsa tana riga shi shigowa gida.

Ƙafarsa ta hagu, mai taka kuloci, ita ce ta fara ciwo. Ya ce tana masa nauyi, aka ce gajiya ce. Sai ta dama ta bi. Kafin shekara ta zagayo ya ajiye makulli, shi da matarsa suka dawo gidan Magini, ɗakin baya mai taga ɗaya. Likitan da ya duba shi bai ɓoye musu komai ba. Ya ja Magini gefe ya ce, “Ciwon jijiya ne, kuma hawa yake yi. Daga ƙafa zai zo ƙugu, daga ƙugu ya zo hannu. Ba wanda zai iya ce maka ga rana.” Magini ya gyaɗa kai ya yi godiya, ya naɗe takardar magani ya sa a aljihu.

Auta ya juya fuskarsa bango. Wata takwas mutumin da a da ba a iya sa shi shiru ya yi ba ya cewa komai sai “to” da “na ƙoshi”. Tagar ɗakin tana kallon katangar maƙwabci ne, katangar da Magini da kansa ya gina, miƙaƙƙiya, ba abin kallo a jikinta. Kullum in ya taso daga aiki yakan shiga ya zauna a bakin gado, ya tambayi jiki, a ce da sauƙi, ya yi ta kallon silin yana neman inda ya yi yoyo bai samu ba, sannan ya tashi. Abin yana cinsa ƙwarai, amma bai san inda ake kama irin wannan aikin ba.

Wata rana da yamma yana wanke ƙafa a tsakar gida ya ji an ce, “Yaya, zo ka gani.”

Da ƙafa ɗaya a jiƙe ya shiga. Auta yana riƙe da waya. A ciki wani mutum ne zaune a ɗakinsa, da sitiyari ɗaure a jikin tebur, a gabansa kuma allon talabijin na nuna hanya kamar daga cikin kan tirela: ga madubi, ga allurar gudu, ga titi yana tahowa.

“Wasa ne na kwamfuta,” in ji Auta. “Amma dubi yadda ya shiga kwanar nan. Wannan ɗan koyo ne. Ai bodin zai hau masa kwalbati. Ka gani? Ka gani ko?” Ya yi dariya, irin tasa ta da, har gadon ya girgiza.

Magini ya tsaya yana sauraron dariyar. Da ya samu bakin magana sai ya ce, “To ƙafa fa? Totur da birki?”

“Ana mayar da su hannu. Akwai maɓallai a jikin sitiyarin.” Auta ya ajiye wayar a ƙirji, ya ɗaga hannayensa biyu ya jujjuya su. Manyan hannaye ne, har lokacin da kantar sitiyari a tafinsu. “Waɗannan dai suna nan.”

Magini ya dubi hannayen, ya tuna abin da likita ya ce. A nan take ya san aikin da ke gabansa: ya sa tirelar nan a hannun Auta tun hannun yana nan.

Kasuwar kwamfuta bene ne mai hawa uku, shaguna a cunkushe, kowane lungu janareta na kuka, ga warin dalma da ƙura. A hawa na biyu ya samu wata mai gyara da ake kira Injiniya, mace mai gilashi da ƙaramin sukudireba a maƙale a bayan kunne. Ita kaɗai ce ta ba shi kujera kafin ta tambayi abin da ya kawo shi. Ya gaya mata komai, har da maganar likita.

Ta sunkuya ta jawo wata kwamfuta daga ƙarƙashin tebur. “Baba, ga wannan. Wani ofis ne ya tashi suka sayar. Zan ƙara mata ɗan katin hoto, shi ne ke zana abin da ake gani a allo. Wasan tirelar nan ba shi da ci sosai. Za ta ja shi.”

Magini ya duba. Fentin ya koɗe, gefe ɗaya ya loma, ƙafa ɗaya ta ɓalle an tokare ta da kwali. Abu ne da zai iya ɗauka cikin wata biyu ko uku in ya matse, ya kuma san haka.

“Wani ya yi amfani da ita ya gaji,” ya ce. “Tsohon bulo ke nan. 'Yata, ban taɓa yi wa bare gini da tsohon bulo ba, balle ƙanina. Ta masu wasan gaske, ya ake yin ta?”

Ta ce haɗa ta ake yi, kowa ya zaɓi kayansa. Ta jera masa su a kan tebur tana faɗin sunayensu. Ga akwatin da ake zuba komai ciki. Ga fawa mai raba wuta. Ga katin hoto. Ga firosesa, ɗan ƙarfe murabba'i da bai kai tafin hannu ba, shi ne mai tunanin. Ga ram, 'yan sanduna sirara biyu. Idon Magini ya yi haske. Ashe gini ne.

“Wanne ne harsashi?”

Ta nuna masa wani baƙin faranti mai ramuka da layuka. “Madabod. Komai a kansa yake hawa.”

“To da shi za a fara. Wanne ya fi kowanne?”

“Baba, in ba a lokaci ɗaya za ka saye su ba, kada ka fara. Kayan nan suna tsufa a cikin kwalinsu. Masu yin su suna canja musu mazauni. Wanda za a fito da shi nan da shekara biyu ba lallai ya hau wannan ba.”

Magini ya yi murmushin wanda ya daɗe yana shiga kasuwa. Masu sayar da kwano ma haka suke cewa, kullum samfurin nan ne na ƙarshe, gobe ba za a same shi ba. Bayan wata huɗu ya dawo ya sayi madabod ɗin da ya fi kowanne a shagon. Ya naɗe kwalin da leda biyu, ya ɗora a kan durowar ɗakinsa.

Da ya kai wa Auta kwalin ya gani, Auta ya daɗe yana karanta rubutun jiki. Sannan ya ce a hankali, yana kallon bargo, “Yaya, ni da tsohuwar nan ma aka kawo, ai ta isa.”

“Kai dai yi shiru. Abin da zan yi maka, in mutum ya shigo ɗakin nan sai ya cire takalmi.”

Auta bai ƙara tayar da maganar ba.

Gida biyu yake ciyarwa yanzu, ga magani, don haka abin da ke ragewa ba yawa. Amma duk abin da ya ragu ya san inda za shi. Bayan harsashi ya sayi akwati, na baƙin ƙarfe mai kauri, da gilashi a gefe guda. Gilashin ne ya sace masa zuciya. Ya ce ko ba komai mai wannan aikin ya san ana yi wa ɗaki taga. Matarsa ta dubi kwalin da ya kusa taɓa silin ta ce, “Malam, bene za ka yi mata ne? Ka gaya min in kwashe tabarmata tun da wuri.” Ya ce mata abin da ba ta sani ba ta bar shi.

Yadda yake zaɓen kaya abin kallo ne. Ba ruwansa da lambobin da ke jikin kwali. Ƙwanƙwasawa yake yi da yatsa ya saurara, ya duba bakin walda, ya ɗaga ya ji nauyi. Ranar sayen fawa ya ɗauki biyu, ɗaya a kowane hannu, ya rufe ido, ya zaɓi mai nauyin. Injiniya ta ce, “Wannan karon ka dace, Baba, mai nauyin ta fi.” Da ta sani da ba ta faɗa ba, don tun daga ranar ya tabbata ilimin duk ɗaya ne. Da ta sake yi masa maganar lokaci a karo na uku, har ta shafa wa idonta toka ta ce, “Ka ce min ciwon hawa yake yi,” sai ya ɗaure fuska, ya ɗauki ledarsa. Bai ƙara hawa hawa na biyu ba, ya koma saye a ƙasa inda ba a yi masa wa'azi.

A shekara ta biyu ya sayi sitiyari, kuma wannan bai ajiye shi a kan durowa ba. Ya yanko katako daidai faɗin gadon Auta, ya yi masa ƙafafu, ya ɗaure sitiyarin a kai. Ba a jone yake da komai ba, amma Auta bai damu ba. Yakan rufe ido ya bi hanyoyin da ya sani a ka, yana yin kukan inji da baki, yana gaya wa matarsa ta riƙe da kyau ga gangara nan tafe. Da tafin hannu ɗaya yake juya shi, ɗayan hannun a kan matashi kamar a kan taga. Watannin nan gidan ya ɗan yi daɗi. Magini yakan tsaya a bakin ƙofa yana saurare, ya ce a ransa saura kaɗan.

Katin hoto ya ci wata bakwai. Babba ne mai fanka uku, Magini ya rungumo shi a mota kamar jariri. A cikin watannin bakwai ɗin ne Auta ya koma juya sitiyari da hannu biyu. Sannan kofin shayi ya suɓuce masa. Sannan waya ta fara faɗo masa a ƙirji. Wata safiya Magini ya leƙa ya ga matar Auta tana ɓalla masa maɓallan riga, su biyun ba mai kallon wani. Ya ja da baya a hankali ya fita ba tare da ya yi sallama ba.

Ya gani. Kada wani ya ce bai gani ba. Ya fara karɓar aiki har ranar hutu, ya fara yi wa leburori ihu, mutumin da bai taɓa gaggawa ba ya koma cin abinci a tsaye. Abu ɗaya ne bai yi ba: bai hau hawa na biyu ya ce a ba shi tsohuwar ba. Mutane za su ce taurin kai ne, kuma akwai shi. Amma tsoro ya fi yawa. In ya ɗauko tsohuwar yanzu, ya yarda ke nan cewa shekara biyu ta hannun Auta shi ya zubar da ita, da hannunsa, bayan an gaya masa. Wannan bai iya kallonsa ba. Gara ya ƙarasa, ya nuna cewa jiran yana da dalili.

A farkon shekara ta huɗu ya je sayen na ƙarshe, firosesa da ram. Ya ce wa mai shagon ya ba shi sabon fitowa, wanda ba a yi na sama da shi ba. Mai shagon ya ce ya kawo madabod ɗin a gwada, ko ya kawo lambarsa. Magini ya ce shekara talatin yana sayen kayan gini, ba wanda ya taɓa ce masa ya ciro harsashi ya kawo kasuwa. Mai shagon ya ɗaga kafaɗa, ya sa masa kayan a leda.

Ranar da ya zaɓa don haɗawa ruwa aka tashi da shi, ba fita aiki. Ya ce shi zai haɗa da kansa. Ya kalli yadda ake yi a waya ya fi sau ashirin, sukurori ne da soke-soke. Ya shimfiɗa farin zane a ɗakinsa, ya wanke hannu har sau biyu, ya sauko da kwalaye. Madabod ya fito daga leda yana ƙyalli kamar ranar da aka saye shi. Magini ya ji daɗi. Ya ce ga shi nan, me ya same shi?

Sandar ram tana da ɗan tsagi a gindinta, ramin da za ta shiga kuma yana da ɗan tudu da tsagin zai hau. Ya gwada, ba su haɗu ba. Ya juya ta, ba su haɗu ba. Saɓanin bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Ko gezau bai yi ba. Tagogi nawa masu walda suka kawo masa da saɓanin yatsa guda? Ƙofofi nawa? Bai taɓa mayar da ko ɗaya ba. Magini na ƙwarai ba ya kai ƙarar taga, bango yake ɗan sassaƙewa ta zauna. Ya ɗauko ƙaramin magagarinsa, ya sa gilashin karatu, ya faɗaɗa tsagin a hankali, yana hure garin. Aiki ne mai tsafta, duk wanda ya gani zai yaba hannun. Sandunan biyu suka shiga.

Firosesa ma haka, ya ƙi kwanciya a mazauninsa, gefe ɗaya a ɗage. Ya goge masa kunne kaɗan. Ya rage ɗan ɗagawa. Sai ya ɗora babban yatsansa, wanda ya saba daidaita bulo, ya danna. Ya ji wani ɗan ƙaras a ƙarƙashin yatsan, siriri. Ya ɗauka zama ne ya yi.

Da ya gama ɗaure komai ya jona wuta ya danna maɓalli. Fankoki suka juya sau ɗaya suka tsaya. Wani ɗan wari ya taso, irin na wayar wuta in ta ƙone. Ya sake dannawa, ba abin da ya motsa. Ya zauna a kan zanen, ruwa na dukan kwano, ya daɗe bai tashi ba. Daga ɗakin baya ya ji muryar Auta, wadda ita ma ta fara nauyi, yana tambayar matarsa ko Yaya ya ce yau ne.

Washegari ya ɗauki akwatin a ka ya hau hawa na biyu. Injiniya ta ba shi kujera. Ta buɗe, ta zare sandar ram, ta ɗaga ta a haske ta ga aikin magagari. Ta cire firosesa ta duba mazauninsa da madubin ƙara girma. 'Yan siraran alluran da ke ciki duk sun kwanta. Ta cire gilashinta ta goge. Ya so ta yi masa faɗa, da ya fi masa sauƙi.

“Tsagin nan da gangan suke saɓa shi, Baba,” ta ce. “Don kada ya shiga inda ba nasa ba.”

“Alluran fa, ba a miƙe su?”

“Ko an miƙe, ba zamaninsu ɗaya ba. Wannan ya girmi wannan da shekara uku. Duka ukun sun tafi.” Ta ajiye firosesan. “Ya mai jikin?”

Magini ya sunkuyar da kai. Ta shiga ciki ta fito da wani tsohon madabod da firosesansa da ram ɗinsa a jiki, ciro daga wata kwamfutar ofis, da ƙura a kan fankarsa. Ta hure, ta ɗaura shi cikin baƙin akwatin mai taga, ta soka masa katin hoto da fawa, ta zuba wasan. Magini yana zaune yana kallon agogon bango. Awa biyu da 'yan mintuna aikin ya ɗauka. A allon gwajinta tirela ta bayyana, tsaye a wata tasha, fes.

“Za ta ja?” ya tambaya.

“Za ta ja. Da can ma za ta ja.” Ta ciji leɓe. “Yi haƙuri, Baba.”

“Ba ki faɗi ƙarya ba, 'yata.”

Da la'asar aka ciro talabijin daga falo aka kafa shi a ƙarshen gadon Auta. Matan gidan suka tsaya a bakin ƙofa. Aka tayar da Auta aka jingina shi da matasai uku, aka gyara katakon, aka jona sitiyarin da ya shekara biyu yana jiran waya. Allon ya kawo: kan tirela daga ciki, madubai, allurai, gilashin gaba, ga ƙofar tasha a buɗe, ga titi a bayanta.

Auta ya daɗe yana kallo. “Babbar mota ce,” ya ce.

Matarsa ta ɗauki hannayensa ɗaya bayan ɗaya ta ɗora a kan sitiyarin, don shi ba ya iya ɗaga su. Yatsun sun lanƙwashe, kantar ta daɗe da gogewa. Ya yunƙura tun daga kafaɗa, jijiyar wuyansa ta tashi. Sitiyarin ya motsa kamar faɗin yatsa biyu ya koma. Ya sake. Hannun hagu ya zame ya faɗi a kan bargo. Matar ta mayar da shi. Ya sake zamewa. Ta kai hannu za ta ɗauka, ya ce, “Bar shi.”

Matar Magini ta juya ta koma madafa.

“Zan sassauta shi,” in ji Magini. “Akwai inda ake rage masa tauri. Ko in ɗaura maka wani abu a nan, madauri, ka ga sai...”

“Yaya.” Auta bai ɗaga murya ba. “Zauna ka ja. Ni zan gaya maka.”

Magini bai taɓa tuƙa ko keke mai inji ba. Ya zauna a gefen gadon a karkace, ya kama sitiyarin kamar zai ƙwace masa. Auta ya gaya masa maɓallin tayarwa. Injin ya kama, ƙararsa ta cika ɗakin, mai zurfi, har gilashin taga ya ɗan yi rawa. Auta ya rufe ido.

“Saki birkin hannu. A hankali. Buɗe kwanar, Yaya, buɗe ta, bodi na bayanka.”

Tirelar ta yi gaba ta daki ginshiƙin ƙofar tasha. Aka sake daga farko. Ta sake dukansa, wannan karon da ɗaya gefen. A karo na uku ta maƙale, ba gaba ba baya. Auta ya yi dariya, amma dariyar ba ta da iskar da za ta ɗauke ta, ta koma tari, sai da matarsa ta tallafe shi ta shafa masa baya.

Da ya lafa sai ya ce, “Mayar da ita inda take. Kada ka kashe. Bar ta a silo, injin ya yi ta kuka.”

Magini ya sake wasan daga farko, ya tayar da injin, ya janye hannunsa. Tirelar tana tsaye a tasha tana kuka a hankali. Auta ya kwantar da kai yana saurare. Magini ya dubi baƙin akwatin, ta cikin tagar yana hango fankoki uku na katin hoto suna juyawa a kan tsohon madabod mai ƙura. Baƙin ciki ya taso masa. Ya buɗe baki zai ce Auta ya yafe masa, ya ga in ya faɗa, Auta zai ce ba komai, kamar yadda ya saba ce masa tun yana yaro. Sai ya rufe bakin.

Har yanzu Magini yana gini, katangunsa kuma ba su fasa miƙewa ba. Leburori dai sun lura ya daina faɗin maganarsa ta bulo. Kwanaki wani malamin makaranta ya zo neman shawara, ya ce abin hannunsa ɗaki ɗaya zai yi, ko ya jira ya tara? Magini ya ce masa ya yi ɗaki ɗayan ya shiga. Malamin ya tsaya jiran ƙarin bayani, bai samu ba.

Kullum in ya taso aiki yakan wanke hannu ya shiga ɗakin baya ya kunna. An cire katakon daga kan gado tuni, sitiyarin yana kan ɗan tebur a gefe, inda Magini ke zama. Ya yi ƙoƙarin koyon tuƙin, Auta ya ce ya bari, ganin yadda yake shiga kwana ya fi ciwon ciwo. Saboda haka tirelar ba ta taɓa fita daga tashar ba. Suna zama ne kawai, injin yana kuka, rana tana faɗuwa a cikin allon tana sake fitowa.

Wani lokaci akan yi ruwa a cikin wasan. Ɗigo ya fara sauka a gilashin gaba, ƙofar tasha da titin da ke bayanta su dushe. Maganar Auta yanzu sai an kasa kunne, kalma ɗaya takan ɗauke shi numfashi biyu. Amma duk sanda ruwan ya rufe gilashin sai ya motsa leɓe.

“Yaya. Waifa.”

Magini ya sunkuya, ya lalubi ɗan maɓallin da babban yatsansa, ya taɓa shi a hankali yadda ba zai ji ciwo ba. Gilashin ya goge, titin ya sake fitowa, Auta ya ci gaba da kallonsa.